Idan Yaro Ya Yi Barcin Rana: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Duk mai ɗan shekara ɗaya zuwa uku ta san wannan shirun: ƙiriniya ta lafa, gida ya yi tsit, sai ƙarar fanka in akwai wuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu yawan dawowa a bakin iyaye mata, a gidan suna, a layin rigakafi, a hirar makwabta, wani lokaci har daga bakin maza. Duk inda aka ce "yaro", har da yarinya ake nufi.

Awa nawa ya kamata yaro ya yi barci, kuma nawa ne rabon rana a ciki?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Lissafin ya haɗa dare da rana. Idan yaronki yana kwanciya ƙarfe tara na dare ya tashi shida na safe, awa tara ya samu, saura aƙalla biyu da rana za ta cika masa.

A gidajenmu yara ba sa kwanciya da wuri. Sai an yi Isha'i, an ci tuwo, baban ya dawo, an taɓa hira, da asuba kuma motsin gida ya tashe su. Shi ya sa barcin rana yake da nauyi a wurinmu. Yawanci yana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu, wasu yaran su kai uku.

Da yana barci sau biyu, yanzu ya ƙi na hantsi. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Yawancin yara suna komawa barci ɗaya tsakanin wata 12 da wata 18, wasu su ɗan zarce. Za ki ga kin kwantar da shi da hantsi yana ta gwaranci da wasa da ƙafa, ko ya yi na hantsin ya ƙi na yamma har magariba ta same shi yana rigima. Makonnin sauyin akwai wahala, don biyu sun yi masa yawa, ɗaya kuma bai ishe shi ba. Ki riƙa jan na hantsin gaba kaɗan-kaɗan, kamar minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu ko uku, har ya kai bayan abincin rana. Ranar da ya galabaita ki kwantar da shi da wuri da daddare. In an daidaita, ke ce da riba: guntaye biyu sun zama dogo ɗaya da za a iya ɗora aiki a kansa.

Wane lokaci ya fi dacewa in kwantar da shi?

Bayan ya ci abinci, wajen awa biyar zuwa shida da tashinsa na safe. Wanda ya tashi ƙarfe shida, lokacinsa yana tsakanin sha ɗaya da sha biyu. In girkinku na rana sai biyu ko uku yake sauka, kada ki sa shi jira. Ki ajiye masa nasa, ko kunu ne, ko ɗumame, ko dafaffen dankali da ƙwai, ya ci ya kwanta. Ki kuma duba jikinsa, ba agogo kaɗai ba: murza ido, jan kunne, hamma, tuntuɓe babu dalili, kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba. In wannan gaɓar ta wuce, sai ya wartsake ya dawo da ƙiriniyar da ta fi ta safe, kwanciyar ta zama kokawa.

Kullum a bi hanya ɗaya: ci, wanke hannu da baki, tsarki, sakin labule, addu'a, kwanciya. Bayan mako ɗaya ko biyu jikinsa zai riƙa gane abin da ke tafe tun daga wanke hannun.

To, ya yi barci. Da me zan fara?

Wannan tambayar tun da safe ake amsa ta. Ki yanke abu ɗaya tak da za ki yi, ki tanadi kayansa a wuri guda kafin ki kwantar da shi. Abin da yake cinye wa mata wannan lokaci shi ne tsayuwa a tsakar gida ana waige-waige: ga kwanuka, ga wanki, ga shara, ga waya tana ƙara. Kafin ki tsai da shawara rubu'in awa ya tafi, kin taɓa nan kin taɓa can, ya farka babu abin da ya kammala.

Ma'aunin zaɓe ɗaya ne: wannan aikin zai yiwu yana farke? In zai yiwu, ki bar shi. Abubuwa iri uku ne suka cancanci wannan shirun: abin da yake da haɗari kusa da yaro, abin da yake son hankalinki gaba ɗaya, da hutun jikinki. In lokacin Azahar ya shiga, ita ce farko, ki samu sallar da babu mai hawa miki baya a sujada ko jan hijabi a tahiya.

Daga nan ki shiga babban kai tsaye. "Bari in kawar da 'yan ƙananan nan tukuna" ita ce maganar da ta fi cutar mu. Minti 30 zuwa 45 na farko su ne kusan tabbas, abin da ya biyo baya kyauta ce, yau a samu gobe a rasa. Ƙananan ayyukan ba sa guduwa, za ki same su inda kika bar su, kuma amsar da ke biye ta nuna yadda ake yin su da shi.

Wane aiki ne zai yiwu yana farke, wane ne kuma sai ya kwanta?

Shara, shanya, ninke kaya, gyaran alayyafo ko zogale, goge-goge, jera kwanuka, duk ana yinsu da shi a gefe. Ba shi 'yar tsintsiya, ko tsumma, ko ki ce ya miƙo miki kaya ɗaya-ɗaya daga kwando. Aikin zai ɗauki ninkin lokacinsa, kuma zai watsa abin da kika tara, babu musu. Amma yana koyon magana da aiki, yana kuma gajiya. Ƙa'idar nan ta 2019 ta ce yaro a wannan shekaru yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, kuma wanda ya sha zirga-zirga da safe shi ne yake barci mai nauyi da rana. Wake da gyaɗa da masara kam ki nisanta su da shi, don hanci da kunne da maƙogwaro suke nufa.

Na lokacin barci su ne suya da mai mai zafi, guga, juye tafasasshen ruwa, yankan nama, wanke banɗaki da sinadari, haɗa sabulun ruwa da soda, aikin almakashi da allura, lissafin kuɗi, karatu, da wankan da ba a buga miki ƙofa. Daka da markaɗe ba su shiga ba, saboda ƙara. Su a yi su da safe.

In na kwanta tare da shi sai in ji kamar na yi lalaci, ga idon surukata. Ya zan yi?

Ƙailula ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shigo wa manya, ɗaya daga ciki shi ne lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana. A Bukhari kuma Sahal ɗan Sa'ad ya ce ba sa ƙailula ko cin abincin rana ranar Juma'a sai bayan an sauko. Hutun tsakar rana abu ne da magabata suka saba da shi, manoma da 'yan kasuwa ma suna yi, ba wanda ya kira su malalata.

In kina shayarwa da dare, ko kina da ciki, ko kin fara gyangyaɗi a kan sallaya, ko kin zuba gishiri sau biyu a miya, ko hannunki ya yi saurin kai wa yaro duka a kan ƙaramin abu, to barci shi ne aikin yau. Gajiyayyar uwa kusa da wuta da wuƙa haɗari ce ga kanta da ɗanta.

Game da suruka, musu ba ya biya. Ki riga ta magana: "Umma, zan ɗan kishingiɗa kafin ya tashi, ko akwai abin da za a yi muku tukuna?" Mafi yawansu abin da yake ɓata musu rai shi ne a shige ɗaki a rufe ƙofa babu sanarwa. Ita ma ta yi goyo, ta san abin.

Ni in na yi barcin rana da ciwon kai da magagi nake tashi. Me ya sa?

Barcin babba zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye wajen minti 90. Bayan kamar rabin awa mutum yana nutsewa cikin mai nauyin, kuma wanda aka fizgo daga can shi ne yake tashi bai san gabas ba bai san yamma ba. Don haka ko dai gajere, minti 20, ki saita ƙararrawar waya a hankali ƙarƙashin matashi, ko kuma cikakken zagaye ranar da akwai mai karɓar yaron in ya riga ki tashi. Ko barcin bai zo ba, kwanciya da ido a rufe da ƙafa a miƙe tana rage gajiya.

Shayi mai ganye, kofi da goro suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci, kuma bayan wajen awa biyar rabinsa yana nan a jiki. Wanda aka sha bayan La'asar yana bin mutum har shimfiɗar dare. Shi ma yaron kada a riƙa ɗura masa shayin manya ko baƙin lemon kwalba, sannan a zo ana mamakin ƙin barcinsa.

Ba ya barci sai a bayana, da na sauke shi ya buɗe ido.

Goyo ba laifi ba ne, da shi aka rene mu duka. Matsalar ita ce bayanki bai huta ba, kuma ayyukan da aka lissafa a sama na wuta da mai ba sa yiwuwa da yaro a baya. Ƙafarsa tana kaiwa inda idonki bai kai ba, sunkuyo ɗaya a kan tukunya ya isa.

Saukewa dabara ce. Ki jira minti 15 zuwa 20 bayan ya yi shiru, ki ɗaga hannunsa ki saki. In ya faɗi laƙwas, barcin ya yi nauyi. Zauna a bakin katifa, kwance majanyi, ki kwanto da baya a hankali har ya sauka, ki bar zanin a ƙarƙashinsa da ɗuminsa da ƙanshinki, ki ɗora tafin hannu a bayansa na ɗan lokaci kafin ki zare jiki. In kina son ya koyi barci a shimfiɗa tun farko, ki kwanta a gefensa kina bubbuga bayansa, kullum kina rage bubbugawar. Zai yi bore kwana uku ko huɗu. Wadda ta koma goyo a rana ta biyu saboda kuka, ta koya masa cewa kukan yana aiki.

Haka mai barci da nono a baki. In yaye ya matso, gara a fara raba nono da barcin rana tun da sauran wata ɗaya ko biyu, don kada yaye da rashin barci su haɗu miki a mako guda.

Gidan yawa muke, hayaniya ba ta yankewa. Ta yaya zai yi barci?

Yaro yana sabawa da ƙarar da ba ta yankewa: injin niƙa a maƙwabta, surutun tsakar gida, wucewar babura. Wadda take firgita shi ita ce ta bazata, irin buga ƙofar ƙarfe, faɗuwar faranti, ko sallamar mai talla a bakin taga. Fanka, ko rediyo, ko karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa suna rufe irin waɗannan. Ki zaɓi lungun ɗakin da ya fi nisa da ƙofa. Kada kuma ki matsa sai gida ya yi kamar maƙabarta, don yaron da ya saba da shiru tsit ba ya iya barci a gidan biki ko a mota.

Gidan yawa yana da nasa alherin. In abokiyar zama, ko faccala, ko maƙwabciya tana da yaro sa'ansa, ku daidaita lokacin kwanciyarsu, ku yi karɓa-karɓa: yau ke ce mai kunne a kansu ita ta kwanta, gobe ita.

Zafi ya hana shi barci, ga babu wuta.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri, Kano ko Yamai, ɗakin kwano da tsakar rana tanda ne. Yi masa wanka kafin ya kwanta, bar shi da 'yar singileti ko wando kawai, shimfiɗa tabarma a ƙasa maimakon katifar soso, a ɗakin da ya fi sanyi ko a rumfa mai iska inda idonki yake kaiwa. Jiƙaƙƙen zani a taga yana sanyaya iskar da ke shigowa. Fanka mai caji, in da hali, tana cikin kayan da kuɗinsu ya halatta. Ya sha ruwa kafin ya kwanta da bayan ya tashi. Gidan sauro yana da amfani da rana ma, ko don ƙuda.

Abubuwa uku ba a sassauci a kansu. Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu. Ba a kunna maganin sauro na hayaƙi ko fesa fiya-fiya a ɗakin da yaro yake kwance. Kuma ba a barin yaro a cikin mota don yana barci, ko na minti biyar ne, ko an ɗan sauke gilashi.

An kawo wuta daidai ya kwanta. In bar abin da na tsara?

In wutar unguwarku ta marmari ce, e. Guga, caji da tara ruwa su sha gaba, markaɗe ya jira ko a kai shi can nesa. Abin kiyayewa shi ne in an ɗauke: ki kashe soket, ki zare dutsen guga da hita daga bango a take. Sau da yawa wutar tana dawowa ne lokacin da ya tashi yana yawo, ke kuma kin manta.

Ina sana'a a gida, ina kuma son karatu. Awa ɗaya da rabi za ta yi wani abu?

Za ta yi, in kin yanka aikin gunduwa-gunduwa kika ba barcin gunduwar da ta dace da shi. Mai awara ta jiƙa wake da dare, ta kai markaɗe da safe da yaro a hannu, ta bar dafawa da suya sai ya kwanta. Mai ɗinki ta yi awo da yanka a lokacin barci, don nan ne kuskure yake cin yadi. Mai zoɓo ta tafasa a lokacin, ƙullawa kuwa ana yi yana gefe. Mai sayar da kaya ta waya ta ɗauki hotuna da lissafin bashi a lokacin, amsa "nawa ne?" kuma ba ta buƙatar shiru.

Karatu ma haka. Ko ɗalibar Islamiyyar matan aure ce ke, ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, sabon darasi da sabuwar hadda su ne na lokacin shiru, tilawa da maimaici kuwa suna tafiya da wanke-wanke. Minti 45 sau biyar a mako ya kusa awa huɗu, ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗorewa.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar alƙawari a kan lissafin awa biyu kullum. Yaro zai yi haƙori, zai yi mura, baƙi za su zo. Ki yi lissafi da minti 45, ki ƙara kwana biyu a kan ranar da za ki ce wa mai kaya ta zo. Taura biyu ba ta taunuwa: sana'a da karatu a raba musu ranaku.

Da na ɗauki waya, sai kukansa ne yake dawo da ni. Laifi ne?

Ba laifi ba ne mace ta huta da wayarta, ta gaisa da 'yan'uwa, ta yi dariya. Amma ki lura da yadda kike ji bayan awa ɗaya a TikTok ko rukunin WhatsApp na dangi: ido ya yi zafi, wuya ya ƙage, gajiyar tana nan. In waya kika zaɓa yau, ki zaɓe ta da gangan, ki sa mata iyaka. In ba ita kika zaɓa ba, ki sa ta a caji a wani ɗakin, ta zo a ƙarshe.

Zan iya leƙawa shago ko maƙwabta in bar shi yana barci?

A'a, sai in akwai babba a gidan da kika gaya wa da bakinki, ya kuma amsa. Yayarsa 'yar shekara shida ba babba ba ce. Yaro yana farkawa shiru ya sauko, kuma abin da yake nufa shi ne bokitin ruwa, bakin rijiya, murhun da bai mutu ba, ko kalanzir da aka zuba a robar lemo. Ruwa kaɗan a gindin bokiti ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka, kuma babu ihu. Kulle shi a ɗaki ma ba mafita ba ce in gobara ta tashi.

Ko kina cikin gida, kafin ki shiga wanka ko ki kwanta ki zubar da ruwan bokiti ko ki rufe, ki rufe rijiya, ki sa sakatar ƙofar waje. Mai yawan juyi a kwantar da shi a ƙasa, ba a kan gado mai tsawo ba.

Wata ta ce in ba shi ɗan maganin mura ya yi barci in samu in yi aiki.

Kada ki yi, ko sau ɗaya. Magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan suna sa barci, amma ba don haka aka yi su ba. Phenergan an hana ba wa ɗan ƙasa da shekara biyu gaba ɗaya, domin yana iya danne numfashi. Wasu yaran kuma maimakon barci sai su birkice. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, shi ma numfashi yake dannewa. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

In kina barin yaro a hannun 'yar aiki ko gidan reno, kika ga yana barcin da ya wuce saninki, yana tashi jiki a sake, ki bincika. In kuma gajiya ce ta kai ki ga wannan tunani, koma amsar ƙailula da ta karɓa-karɓa, taimako kike buƙata.

Rabin awa kawai yake yi ya tashi, wata rana ma ya ƙi sam.

In ya farka da kuka bayan minti 30 ko 40, barcin bai ishe shi ba, ya dai fito daga zagaye ɗaya ya kasa shiga na biyu. Ki je da wuri, kada ki buɗe labule, kada ki yi masa magana, ki bubbuga shi. Sau da yawa yana komawa. In ya farka yana dariya, ya ƙoshi. In abin ya zama kullum, duba lokacin kwanciyar, da yunwa, da zafi, da ko ya samu guje-guje da safe. Ranar da ya ƙi sam, kada ki kwashe awa biyu kina fama. Bayan kamar minti 40 ki haƙura, ki matso da kwanciyar dare. Ƙin kwana biyu ko uku ba ya nufin ya daina, duba amsar ƙarshe.

Ina da jariri, ga kuma yayyensa suna dawowa daga makaranta daidai lokacin.

Jariri ba shi da agogo a watannin farko, don haka lokacin babban za ki riƙe, ki yi ƙoƙarin shayar da ƙaramin daidai nan. In Allah ya sa suka haɗu a barci, ki kwanta, kada ki taɓa ko cokali. Jariri a kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa daban, ba kusa da yayan da yake juyi ba. 'Yan makaranta kuwa a ajiye musu abinci a wuri sananne, su san dokar shigowa: sallama a hankali, cin abinci, hutawa kafin Islamiyya. Su ma ƙailular tana yi musu amfani.

Ni uba ne, yini nake a waje. Ina nawa a ciki?

Malam, naka yana da yawa. Kada ka aiko da cefane ƙarfe ɗaya ka ce a yi sauri, ko ka turo baƙi babu sanarwa, ko ka yi ta kira don ka ji ko an ga makullinka. In ka dawo ka tarar da kwanuka, aka ce ta kwanta da yaron ya kwanta, to an yi abin da ya dace. Ranar da kake gida, Juma'a bayan masallaci ko Lahadi, ka zama mai kunne: in ya farka ka ɗauke shi ku fita ƙofar gida, ta samu cikakken zagayen nan na minti 90 da aka yi bayani a sama. Wasan jefa shi sama da tsakar dare kuma, da yake jan kwanciyarsa zuwa sha ɗaya, ita take biyan kuɗinsa washegari.

In ya daɗe in tashe shi? Yaushe yawan barci yake zama alamar ciwo?

In barcin zai shiga La'asar sosai, tashe shi ya fi, in ba haka ba dare zai biya. Yawancin yara suna buƙatar awa huɗu zuwa biyar a farke kafin kwanciyar dare. Buɗe labule, ki bar motsin gida ya shigo, ya farka a hankali.

Barcin ciwo daban yake. In kin tashe shi da ƙyar, ko ya buɗe ido ya koma laƙwas, ga zazzaɓi, ko ya ƙi sha da ci, ko yana amayar da komai, ko numfashi da sauri, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, asibiti za a nufa a lokacin, ba a jira dawowar maigida. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau suna iya zuwa da irin wannan nauyin barci. Munshari mai ƙarfi kullum, da barci baki a buɗe, da numfashin da yake tsayawa ya dawo, su ma a nuna wa likita, ko da ba na gaggawa ba ne.

Yaushe zai daina barcin rana, kuma shi ke nan na rasa lokacin?

Yawanci tsakanin shekara 3 da 5, kuma ba rana ɗaya yake yankewa ba: yau ya yi, gobe ya ƙi, har ya zama sai jefi-jefi. Alamar ya isa ita ce ya yini babu barci kuma bai birkice da yamma ba, ko kuma duk ranar da ya yi na rana sai ya kai sha ɗayan dare ido biyu. Kada ki yi gaggawar yanke masa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a Amurka, aka buga a 2013, ya nuna 'yan nazare sun fi tuna abin da aka koya musu da safe in sun yi barcin rana, musamman waɗanda suka saba yinsa.

In ya daina, ki riƙe lokacin ki canza masa suna. Bayan abinci kowa ya shiga ɗaki, labule a sake, shi a kan tabarmarsa da littafin hotuna ko 'yan kayan wasan da ba a fito da su sai a wannan lokaci. Ki fara da minti 15, ki riƙa ƙarawa har ya kai 45. Tunda bai san agogo ba, ba shi alamar da zai gane: in an kira La'asar, ko in ƙararrawar waya ta buga, ya fito. Kwanakin farko zai leƙo sau goma yana tambaya ko an kira. Ki mayar da shi ba tare da faɗa ba, wata rana za ki leƙa ki tarar barci ya sace shi a kan littafin.